Haɗa Tsohuwar Firinta da Laftof: Kebul na USB, Mazauni, Kati ko Saba, Wanne Za Ka Saya?

Akwai firintocin da tsufa bai hana su aiki ba. HP LaserJet 4 tun 1992 ta fito, LaserJet 4050 kuma a 1999, amma har gobe za ka tarar da irinsu a shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu, tona ɗaya na buga dubban shafuka. Haka Epson LX-300 da 'yar uwarta LQ-300, masu ƙarar nan da ake jiyowa tun daga bakin ƙofa. Duk inda ake son rasit ko takardar fitar da kaya mai kwafi biyu ko uku a bugu ɗaya, babu mai maye gurbinsu, domin allurarsu dukan takarda take yi har kabon ɗin ƙasa ya ɗauka. Firinta mai tona ko mai tawada ba ta iya wannan.

Yawanci ba firintar ce ke fara kasawa ba. Tsohuwar kwamfutar tebur da ke haɗe da ita ce ke mutuwa, a sayo laftof na hannu, a ɗauko kebul ɗin nan mai kauri da faffaɗan kai, a zagaye laftof ɗin kaf a rasa inda za a soka shi. Daga nan sai a nufi kasuwa a sayo duk abin da bakinsa ya yi kama da zai shiga. A nan kuɗi ke salwanta, domin kai ya shiga rami ba shi ke nuna na'urorin biyu za su ji maganar juna ba. Hanyoyin haɗawar suna da yawa, kowacce da inda take cin nasara da inda take ba da kunya, kuma kafin ka zaɓi ɗaya sai ka san abin da ke hannunka.

Fara da bayan firintar

Mutane da laftof suke farawa, ni kuwa na fi son a fara juya firintar. Kashe ta, ka ja ta daga jikin bango, ka kunna fitilar wayarka ka haska. In ƙurar hunturu ta cika wajen, goge ta da busasshen burushi tukuna.

Abin da za ka fi gani shi ne faffaɗan baki mai tsawon kusan ɗan yatsa, babu ramuka ɗai-ɗai a cikinsa, sai doguwar tsaga da haƙora 36 jere sama da ƙasa, ga 'yan lanƙwasassun wayoyi biyu a gefe waɗanda ake maƙale kan kebul da su. Wannan ita ce kafar Centronics, wato ɓangaren firinta na haɗin faralel. Ƙa'idar IEEE 1284 da aka fitar a 1994 ta kasa kawunan faralel gida uku: nau'in A shi ne mai allurai 25 na ɓangaren kwamfuta, B shi ne wannan babban, C kuma ƙaraminsa ne, shi ma mai haƙora 36 amma ya fi matsewa, kuma da maɓallan gefe yake kamawa maimakon waya. HP LaserJet 1100 nau'in C gare ta. Wanda ke da ita ya sayo kebul mai babban kai, ko kusa ba zai shiga ba, don haka ka ɗauki hoton kafar a wayarka kafin ka fita.

Duba kuma ko akwai wani ɗan rami mai kusurwa huɗu wanda aka ɗan daddatse kusurwoyinsa biyu na sama. USB ke nan na ɓangaren firinta. In ka same shi, magana ta ƙare: sayi kebul na USB na firinta, kada ka ƙara wahalar da kanka da faralel. LaserJet 1200 da 1320 da P2035 suna da duka biyun, haka Epson LX-300+II da LX-350. A LaserJet 1200 kafofin a ɓoye suke a bayan murfin gefen hagu, sai an buɗe shi, shi ya sa wasu ke shekaru da ita ba su san tana da USB ba.

Sai kafar da ta fi yaudarar mutane. In ka ga mace mai ramuka 25 a jikin firinta, kada ka ce faralel ce don ta yi kama da ta bayan kwamfuta. A jikin firinta irin wannan kafa galibi siriyal ce, wani irin haɗi daban da faralel. Firintocin rasit na kanti irin Epson TM-U220 da TM-T88 masu siriyal haka suke. Akwai kuma ɗan rami mai kama da na wayar tarho a jikin waɗannan firintocin rasit. Na akwatin kuɗi ne, ba na tarho ba, ba na sadarwar kwamfuta ba.

A manyan firintocin ofis na HP, irin 4000 da 4050 da 4100 da 2100, za ka ga wani faifan ƙarfe da aka ɗaure da noti biyu a baya. Gurbin katin sadarwa ne da ake kira EIO. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Ramukan laftof: ƙirga layi, ƙirga rami

A laftof, ƙirge ya fi launi amana. Tsarin launukan PC 99 da Microsoft da Intel suka fitar ya ba faralel ruwan hoda mai duhu, siriyal kore mai sirkin shuɗi, kafar majigi da allo kuma shuɗi, amma kamfanonin laftof da dama baƙi ko ruwan toka suka yi wa duka.

Kafar faralel ita ce mafi faɗi a bayan laftof, mace ce, ramuka 25 a layi biyu, 13 a sama 12 a ƙasa, da noti ɗaya a kowane gefe. Sau da yawa akwai ɗan zanen firinta kusa da ita. Tun kwamfutar IBM ta 1981 take da wannan siffa. Kafar siriyal ƙarama ce, kuma namiji: allurai 9 ne a tsaye a layi biyu, 5 da 4, da alamar IOIOI a gefe. Kafar VGA girmanta ɗaya da siriyal daidai wa daida, shi ya sa ake rikita su, amma ita mace ce, ramuka 15 a layi uku. Layi uku ya isa shaida: wannan ta allo ce da majigi, hoto kawai take fitarwa, kuma babu wani kebul ko mahaɗi a duniya da zai sa firinta ta yi bugu ta cikinta. Na tsaya a kan wannan ne saboda VGA ta daɗe a jikin laftof shekaru masu yawa bayan faralel ta ɓace, don haka ita ce mutum ke fara gani ya sa rai.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗan ƙaramin rami mai lamba 1394, ko i.LINK a laftof ɗin Sony, na kyamarar bidiyo ne. Zagayayyen rami mai ƙananan ramuka, ko dai na talabijin ne ko na linzami da allon rubutu. Ramuka biyu masu kama da na tarho, mai faɗin na sadarwa ne kuma zai yi mana amfani, matsattsen na tsohon modem ne. Doguwar tsaga a gefe mai maɓallin turo kati waje, gurbin kati ne. Sannan ka kifa laftof ɗin ka duba cikinsa: in akwai doguwar mahaɗa a tsakiya, wani lokaci da 'yar ƙofa a rufe, to yana hawa mazauni, wato farantin da ake ɗora laftof a kai don ƙarin kafofi.

A ƙiyasi, laftof ɗin ofis da aka ƙera kafin 2006 yakan zo da faralel. ThinkPad T40 zuwa T43 suna da ita, T60 ba shi da ita. Dell Latitude D600 da D610 suna da ita, D620 da D630 kuma siriyal kaɗai aka bar musu. Laftof ɗin da suka biyo baya, irin EliteBook 8460p da Latitude E6420, babu faralel a jikinsu sam.

Tambayar da ke raba gardama

Kafin ka kashe ko sisi, tambayi kanka: wace manhaja ce ke tura bugun? In daga Word ne, ko PDF, ko burauza, ko duk wata manhaja da ke buɗe maka jerin firintoci ka zaɓa, to kusan kowace hanya za ta yi maka, sai ka nemi mafi sauƙi. In kuwa tsohuwar manhajar lissafin kuɗi ce ko ta ajiyar kaya ta zamanin DOS, tsarin da ya riga Windows, wadda ba ta san komai ba sai LPT1, wato sunan da kwamfuta ke kiran kafar faralel da shi, ko mai ɗan makullin lasisi da ake sokawa a kafar faralel, ko kuma na'urar ma ba firinta ba ce zalla, irin injin yankan sitika ko na sassaƙa, to kana buƙatar kafar faralel ta gaske, ba mai kwaikwayonta ba. Kusan duk wanda na ga ya yi asarar kuɗi a wannan harka, wannan tambayar ya tsallake.

Kebul na USB zuwa faralel

Shi ne mafi araha, mafi sauƙin samu, kuma ga mafi yawan mutane shi ne amsar. Iri biyu ne. Akwai mai kan Centronics wanda ke shiga firinta kai tsaye, akwai mai mace 25 wanda sai ka jona masa tsohon kebul ɗinka. Na farkon na fi so, domin duk mahaɗar da ka rage ka rage wurin da matsala za ta ɓuya, kuma tsofaffin kebul ɗin nan da yawa sun karye a ciki ba a sani ba. Na biyun yana da ranarsa: mai LaserJet 1100 da har yanzu yake da kebul ɗinta na asali, shi zai saya ya jona.

Ga abin da ya kamata ka sani game da shi. A cikin kan kebul ɗin akwai ɗan cif da ke gabatar da kansa ga Windows a matsayin firintar USB. Ba ya haifar da LPT1. In ka soka shi ka buɗe Device Manager, inda Windows ke jera kayan da ke jikin kwamfuta, ba za ka gan shi a ƙarƙashin Ports ba, sai a jerin kayan USB da sunan USB Printing Support. Mutum ya shigar da direba, wato manhajar da ke sa Windows ta san firintar, ya bar mahaɗar a kan LPT1 kamar yadda ya saba, ya tura bugu, shiru. Takardar na nan maƙale a layi, firinta ko motsi. Sai ya ce kebul ɗin jabu ne, alhali gyaran na minti ɗaya ne: shiga Printer properties, buɗe shafin Ports, cire alamar daga LPT1 ka ɗora ta a kan USB001. In akwai USB002 ko USB003, gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma lazimci rami ɗaya a laftof ɗin, domin sauya rami kan sa Windows ta ba kebul ɗin sabuwar lamba. In bugun na tsayawa a tsakiya ko yana jinkiri, cire alamar Enable bidirectional support a wannan shafin. Da yawa daga cikin kebul masu araha ba su iya dawo da saƙon firinta yadda ya kamata ba.

Da firintocin da ke da harshensu na kansu, wato PCL na HP da ESC/P na Epson, kebul ɗin nan lafiya lau yake aiki. Inda yake gazawa shi ne firintocin da ba su da ƙwaƙwalwar kirki, waɗanda kwamfuta ke yi musu dukkan aikin tana aika musu hoton shafi suna amsa mata a kai a kai, irin Canon LBP-800. Makullin lasisi, sikana mai faralel da injin sassaƙa kuwa, kada ma ka gwada.

Ga mai manhajar DOS akwai wata dabara. Ka raba firintar a Windows ka ba ta gajeren suna, sannan ka rubuta umarnin net use LPT1: \\sunan-kwamfuta\sunan-firinta /persistent:yes. Duk abin da manhajar ta tura LPT1 sai Windows ta karkatar da shi zuwa firintar. Tana aiki, amma tana son sadarwar kwamfutar ta kasance a kunne, kuma takan tsinke a sake ɗaura ta. Ka kuma sani cewa Windows mai bit 64 ba ta buɗe manhajar DOS da kanta, sai mai bit 32. Wanda cinikinsa na kullum ya rataya a kan wannan bugun, ba na ba shi shawarar ya dogara da dabara.

Mazaunin laftof

Wannan ita ce hanyar da aka fi mantawa da ita, kuma a ganina ita ce mafi inganci ga duk wanda laftof ɗinsa ke da mahaɗa a ƙasa. Mazauni, wanda 'yan kasuwa ke ce wa dokin siteshan, faranti ne da ake ɗora laftof a kai a danna har ya yi ƙas, sai kafofin bayansa su zama na laftof ɗin. Abin da ya bambanta shi da kebul na USB shi ne, a laftof ɗin ofis na wancan zamani kayan faralel ɗin suna nan a tsarin na'urar, bakin kawai aka mayar jikin mazaunin. Saboda haka LPT1 ta gaske kake samu, a adireshinta na gado 378, wanda tsofaffin manhajoji ke nema.

Sai dai ba kowane mazauni ke da faralel ba, kuma kowane gida da nasa. A Dell Latitude jerin D, irin D620 da D630, mazaunan D/Port da D/Dock suna da ita. A jerin E, irin E6400 zuwa E6430, E-Port Plus ne mai faralel da siriyal. Ƙaramin E-Port ba shi da su, kuma daga gaba kusan kamarsu ɗaya, sai ka juya baya ka ƙirga. A ThinkPad T60 da T61 da T400, Advanced Mini Dock na da faralel, amma mazaunan da suka zo daga T410 zuwa sama sun yar da ita. Mazaunin HP na EliteBook 8460p da 8470p da ProBook 6470b yana da faralel da siriyal duka, siririn nan kuwa mai suna UltraSlim da ke shiga ta gefen EliteBook 840 ba shi da ko ɗaya. Mazaunin zamani da ake jonawa da kebul na USB ba ya cikin wannan lissafi.

Kana iya tabbatarwa tun kafin ka saya. Shiga BIOS ɗin laftof ɗin, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka nemi Parallel Port. A Latitude za ka ga zaɓi huɗu: Disabled, AT, PS2 da ECP. In layin na nan, na'urar ta san da faralel. ECP ya dace da firintocin tona, amma in tsohuwar mai allura ta fara fitar da haruffan banza ko ta ƙi amsawa, mayar da shi AT, wato tsari mafi sauƙi mai tafiya hanya ɗaya.

Aibinsa biyu ne. Yana son caja mai ƙarfi, yawanci wat 90 ko fiye, ƙaramar cajar wat 65 takan sa laftof ya yi ƙorafi ko ya rage gudu. Sannan allurai na mahaɗar sirara ne, ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku, don haka ka haska su da kyau a shago. Ga shagon da laftof ke zaune wuri ɗaya daga safe zuwa dare, mazauni na da wata riba ta daban: firinta da linzami da allo duk a jikinsa suke, ramukan laftof ɗin sun huta da soke-soke.

Katin gefe

Iri biyu ne kuma ba sa shiga gurbin juna. Tsohon shi ne PC Card, wanda aka fi sani da PCMCIA, faɗinsa milimita 54, girman katin banki. Sabon shi ne ExpressCard, mai faɗin milimita 34 ko 54. Ana samun katin faralel a kowanne, amma ni a ƙarshe nake sa wannan hanya. Samunsa wuya, yana son direbansa na kansa wanda ba lallai a same shi a sabuwar Windows ba, kuma kansa a waje yake tsaye, abu kaɗan ya buge shi ya karye. Babban tarkon kuwa shi ne gurbin ExpressCard hanya biyu gare shi a ciki, ta PCI Express da ta USB, kuma wasu katunan masu araha ta USB suke bi. Ka biya kuɗin kati, ka samu abin da kebul mai araha zai ba ka. Ko na gasken ma, ya kan ba da LPT amma ba a adireshin 378 ba, wasu tsofaffin manhajoji kuma ba sa duba ko'ina sai can. Sai in laftof ɗinka ba ya hawa mazauni, kuma lallai kana buƙatar LPT, sannan ka neme shi.

Sabar firinta

In kwamfutar da ke bugu ta wuce ɗaya, daina tunanin ramukan laftof gaba ɗaya. Sabar firinta ɗan akwati ne mai faralel a gefe ɗaya da kafar sadarwa a ɗaya gefen. TP-Link TL-PS110P da D-Link DP-301P+ a bakin Centronics ɗin firinta suke maƙalewa kai tsaye, HP JetDirect 170x da 300x kuma da kebul ake haɗa su. Daga nan sai waya zuwa rawuta. Duk wanda ke kan wannan rawutar, har sabon laftof da ba shi da komai sai USB-C da Wi-Fi, zai iya bugu. Ga kuma tazara: kebul na USB mita 5 ne iyakarsa, faralel mai kyau mita 10, wayar sadarwa kuwa har mita 100, don haka mai ƙarar nan ana iya kai ta ɗakin baya.

Mai HP da ke da gurbin EIO da muka ambata ya fi kowa sa'a. Katin JetDirect irin 610n ko 620n zai nema, ya kwance noti biyu, ya zura, ya ɗaure. Babu ƙarin caja, babu abin da ke lilo a baya. LaserJet 4 da 5 gurbinsu daban ne, MIO ake ce masa, katin EIO ba ya shiga.

Wahalar wannan hanya a ranar farko take. Sai an ba sabar adireshin IP, a je Windows a ƙara firinta ta Standard TCP/IP Port, a bar ta a kan Raw da lamba 9100. Kuma don Allah a ba ta adireshi tsayayye. A inda ake ɗauke wuta a dawo da ita sau da yawa a yini, a koma janareta a dawo, rawuta na iya sake rabon adireshi duk sanda ta tashi, sai a wayi gari firintar da ta yi aiki jiya ta ɓace. Firintocin nan marasa ƙwaƙwalwa da suka gagari kebul na USB, yawanci sabar ma gagararta suke yi.

In siriyal ce

Mai firintar rasit ko wata mai siriyal kaɗai, lissafinsa daban ne, kuma ya fi sauƙi ta wani fannin. Kebul na USB zuwa siriyal, saɓanin na faralel, yana haifar da kafar COM, wato sunan kafar siriyal a Windows, wadda manhajoji ke gani sosai. Abin dubawa shi ne cif ɗin da ke ciki. Na FTDI ya fi kwanciyar hankali, CH340 ma yana yi. Masu ɗauke da sunan Prolific PL2303 akwai jabu da tsofaffi da yawa a cikinsu, su ne ke nuna alamar rawaya da Code 10 a Device Manager. Laftof irin Latitude D630 da ProBook 650 G1 suna da siriyal a jikinsu, ba sa buƙatar wannan.

Abu biyu ke hana bugu a nan. Na farko kebul: firintar siriyal galibi tana son mai wayoyi a harɗe, wanda ake kira null modem, ba miƙaƙƙe ba, kuma daga waje ba a bambanta su. Na biyu saurin aikawa: dole lambar da ke kwamfuta ta yi daidai da ta firinta, misali 9600, bit 8, babu parity, tsayawa 1. In suka saɓa, sai ka ga takarda na fita da alamomin tambaya da tarkacen haruffa. Firintocin rasit na Epson suna buga saitinsu da kansu in ka danne maɓallin Feed sannan ka kunna su. Ɗan mahaɗin nan mai mayar da 25 zuwa 9, ko mai mayar da mace namiji, siffar baki kawai yake sauyawa. Ba ya mayar da siriyal faralel.

To a sayi tsohon laftof mai faralel a jiki mana? Ga mai manhajar DOS da makullin lasisi, wannan ba wauta ba ce, ThinkPad T42 ko Latitude D610 mai Windows XP zai yi aikin ba gardama. Amma na'ura ce da ta kai shekara ashirin, batirinta ya gama, kuma Microsoft ta daina tallafa wa XP tun Afrilun 2014. In za a yi haka, a ware shi don wannan aikin kaɗai, kada ya taɓa intanet, kuma a riƙa kwafe bayanan ciniki zuwa wani wuri. Laftof na jerin E ko EliteBook da mazauninsa ya fi shi sauran kwana.

Direba da wuta

Duk hanyar da ka zaɓa, in babu direba aikin banza ne, don haka wannan binciken ya riga sayayya. A Windows 10, wajen ƙara firinta da hannu akwai maɓallin Windows Update da ke sauko da dogon jerin tsofaffin firintoci. Yana ɗaukar lokaci, ka yi haƙuri da shi. Firintar da ke jin PCL 5 sau da yawa takan karɓi direban 'yar uwarta. Mai allura kuma, in rubutu zalla ake so, Generic / Text Only na fitar da ita kunya. A Linux, tsarin CUPS na ɗauke da direbobin tsofaffin firintoci masu yawa da Windows ta yar.

Maganar wuta kuwa ba ta wasa ba ce. Cajar laftof na karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, amma firintar tona wuta ɗaya aka ƙera ta da ita. Wadda aka shigo da ita daga Amurka ta 110 ce, wutarmu kuwa 230. Karanta takardar da ke manne a bayanta kafin ka jona, domin sakan ɗaya ya isa ya ƙona ta. In ta 110 ce sai da tiransfoma mai rage wuta, kuma babba, saboda sashen da ke gasa tona a kan takarda yana jan ɗaruruwan wat lokacin da yake zafi. Dalilin ke nan ma da ba a ɗora ta a kan ƙaramin UPS. Haka cajar tsohuwar JetDirect, a duba lambarta. Sannan faralel da siriyal ba kamar USB ba ne, ba a soka su ko zare su na'ura na kunne. A ginin da babu wayar ƙasa, inda jikin firinta ke ɗan jan hannu in an taɓa, soka kebul da wuta a kunne na iya kashe kafar, wani lokaci har bod ɗin. Kashe duka biyun, haɗa, ɗaure notin, maƙale wayoyin gefe, kunna firinta, sannan laftof.

Ranar sayayya ka tafi da laftof ɗin da hoton bayan firintar da lambarta. Kafin ka fita, sa firintar ta buga shafin gwajinta ba tare da kwamfuta ba. Kusan kowacce na da wannan ta hanyar danne wani maɓalli, kuma in ta kasa shi, ba kebul ne matsalarka ba. A shago, in mai kaya ya ce maka, "Alhaji, wannan kowace firinta yake yi," ka ce masa, "To Malam, bari mu soka mu ga sunan da zai fito." Mazauni ne, LPT1 ta bayyana a ƙarƙashin Ports. Kebul na faralel ne, USB Printing Support ya fito ba tare da alamar rawaya ba. Na siriyal ne, ka ga lambar COM. Ku kuma yi magana a kan dawo da kaya in ya ƙi a gida, tun kuɗi na hannunka.

Akwai firintar da ban ga dalilin kashe mata ko kuɗin kebul ba: tsohuwar mai tawada mai faralel kaɗai, irin DeskJet na shekarun 1990. Tawadarta ta yi wuyar samu, wadda aka samu ma sau da yawa ta bushe a kwali, robobin jan takardarta sun sanƙare, kuma direbanta a sabuwar Windows sai an sha wuya. Kuɗin da za ka zuba mata ya kusa sayen LaserJet ta hannu mai USB a jiki.